Kaskon da tsuntsaye suka ƙi

A duk shekarun da na yi ina aikin siminti, akwai wata bazara da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da yake babu wani tashin hankali a cikinta. Kaskon ruwa ne kawai, da mahaifina, Allah ya ji ƙansa.

Ni magini ne a nan Damagaram, amma daga baya na fi karkata ga yin kwamin shuka furanni da kaskon shan ruwan tsuntsaye, irin waɗanda masu hali ke ajiyewa a garkar gidansu. Nakan haƙa rami a cikin jiƙaƙƙen yashi, in kwaɓa siminti da yashi da ƙaiƙayin gero da ɗan jar ƙasa, in shimfiɗa ragar waya, in zuba. Bayan kwana biyu in fito da shi, in kankare bayansa da buroshin ƙarfe. Idan ya bushe, sai ka rantse daga duwatsun unguwar Birni aka fasa shi. Ina alfahari da wannan ƙwarai.

Mahaifina kuwa dutsen gaske ya sani. A ƙauyen Dogo ya yi rayuwarsa yana sassaƙa dutsen niƙa, har injin niƙa ya shigo ƙauyuka mata suka daina nemansa. Da idanunsa suka mutu na ɗauko shi na dawo da shi wurina. Ranar da ya fara shafa aikina, cewa ya yi, "Wannan ai dutsen ƙarya ne." Maganar ta yi mini zafi, ban kuma nuna ba. Daga nan na daina kai masa komai. Mu gaisa da safe, a kai masa fura, ya wuni a kan tabarma a gindin bishiyar bedi, ni ina can ƙarshen gida ina kwaɓi. Taku ashirin ne tsakaninmu, amma muka shekara biyu ba mu yi zancen aiki ba.

A wannan bazarar wata Hajiya, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti, ta sa in yi mata kasko. Ta ce tsuntsaye na faɗowa a tsakar gidanta baki buɗe saboda zafi, tana so ta riƙa ba su ruwa sadaka. Na zage na yi mata wanda ban taɓa yin irinsa ba: mai zurfi, don ya ɗauki ruwa da yawa, cikinsa kuma na goge da cokalin gini har yana sheƙi kamar tangaran.

Kwana goma sai ga kaskon an dawo da shi a amalanke, Hajiya na biye. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, mako guda ba wanda ya sauka. Jiya wata 'yar gwara ta gwada, na tarar da ita a ciki ta mutu. Abin sadaka na ce ka yi mini, sai ka yi mini tarko."

Unguwarsu duk abokan cinikina ne, na san kuma labarin zai zaga. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Na duba kaskon sama da ƙasa, ban ga aibinsa ba.

Bayan ta tafi ina tsaye a kansa, sai na ji muryar Baba daga gindin bedi. Ashe duk ya ji.

"Kai, jawo mini shi nan."

Na yi kamar ban ji ba, sannan kunya ta kama ni, na mirgino shi gabansa. Ya sa hannu biyu ya bi bakinsa, ya zura hannu ciki har gwiwar hannu. Ya daɗe yana shafawa.

"Wa ka yi wa wannan?"

"Hajiyar da ta tafi yanzu, Baba."

"Hajiya ce za ta sha ruwan?"

Ya ce in ba shi hannuna. Ya kama yatsuna ya ɗora a cikin kaskon, ya ce in tsaya da farce. Yatsun suka zame. Ya ce, "To haka ƙafar 'yar gwarar nan ta yi. Lokacin da nake fasa dutse a daji, bayan ruwan sama na sha zama ina kallon inda tsuntsaye suke sha. Ba sa zuwa rami mai zurfi. Ɗan kwari suke nema, mai kaushi, wanda ruwansa ke farawa daga kaurin farce, ya yi ta ƙaruwa a hankali. Tsuntsu da ƙafa yake fara gwada ruwa."

Ban taɓa jin ya yi doguwar magana haka ba tun zuwansa birni.

Washegari da hantsi na tara yashi a gabansa don mu yi sabon kasko. Shi ya fitar da siffar da tafin hannunsa, faffaɗa, ba zurfi, gefe ɗaya ya fi gangara. Ni na kwaɓa na zuba. Da na ɗauko cokali zan goge cikin, ya ji ƙarar ƙarfen ya ce, "Ajiye wannan." Bayan kwana uku, da simintin ya kama amma bai gama tauri ba, ya sa aka buɗe tsohuwar jakar fatarsa, aka fito da makoɗinsa, ɗan dunƙulen dutsen da yake koɗa dutsen niƙa da shi idan ya yi santsi. Ban ma san ya zo da shi ba. Ya zauna ya ware ƙafafu, yana bugun cikin kaskon a hankali, ƙwas, ƙwas, ƙwas, yana bi da yatsa. Ina jin tsoron ya fasa, amma ko tsagewa bai yi ba. Ya kuma sa na dasa wani ɗan dutse a tsakiya, wanda kansa zai fito saman ruwa, don wanda ya jiƙe ya samu wurin hawa.

Sai jira. Siminti yana son a yi ta jiƙa shi, ga shi ruwa a garin nan lokacin bazara sai an bi 'yan ga-ruwa. Maiɗakina ta yi ta ƙorafi, wai bido guda, jarka cike da ruwa, kullum a kan buhunan da muka rufe kasko da su. Baba ne ya karɓi aikin. Kowace safiya ya lallaba da sandarsa, ya taɓa buhun, in ya bushe ya yayyafa. Mako uku yana haka. Ya kuma hana a kai wa Hajiya sai an wanke shi sau da yawa, wai ɗacin siminti zai kori tsuntsayen.

Kafin mu kai, ya ce a gwada a gida. Muka ajiye shi a inuwa, nesa da bango saboda kyanwa, muka zuba ruwa. Ranar farko ba kowa. Rana ta biyu bayan la'asar muna zaune, sai Baba ya ɗaga yatsa.

"Kurciya ce. Ta sauka a baki."

Na duba, ita ce kuwa. Ta taka gangaren a hankali, ta tsoma baki. Can sai ga gwara uku, ɗaya ta shiga har ƙirji tana watsa ruwa da fukafukai. Baba ya karkata kai yana saurare, yana murmushi. Ya ce, "Waccan wanka take yi." Muka zauna har aka kira magariba.

Hajiya ta karɓi kaskonta, har yau yana gidanta. Na yi wa Baba nasa. Shekara ɗaya da 'yan watanni da suka rage masa, ba abin da ya fita daga gidan nan bai bi ta hannunsa ba.

Abin da na koya, kafin in yi abu in fara tambayar kaina wa zai yi amfani da shi, ba wa zai yaba ba. Na kuma gane cewa shirun da tsohona ya yi shekara biyu ba don saninsa ya ƙare ba ne. Ni ne ban tambaye shi ba.