Saƙon da Malam Munzali Ya Kai a Tsaye

Duk Bahaushen da ya kwana biyu a yankin Washington ya san Malam Munzali, kuma in za a faɗi gaskiya, ba kowa ke murnar ganin motarsa a ƙofar gida ba. Ba wai mugun mutum ba ne. Ma'aikacin wani asibiti ne a garin Largo, kusa da Washington, shekara ashirin da biyu yana tura marasa lafiya a keke daga wannan ɗaki zuwa wancan, har ƙafarsa ta hagu ta fara ja. Amma ba da wannan aka san shi ba. Idan aka yi rasuwa a gida, Najeriya ko Nijar, shi ake kira ya je ya sanar da dangin mamacin da ke nan.

Ba wanda ya naɗa shi. A shekararsa ta biyu a Amurka ya dawo daga aiki ɗakinsa na haya a Takoma Park, ya danna na'urar ajiye saƙon tarho, sai ya ji muryar ƙanensa tana cewa an binne Baba jiya. Ba kowa a ɗakin sai firij yana gurnani. Tun ranar ya yi wa kansa alkawarin ba wani ɗan'uwa da zai sake jin irin wannan labari shi kaɗai.

Yana da ƙa'idojinsa. Ba ya faɗa ta waya, ba ya faɗa a tsaye, in kuma mace ce sai ya tafi da matarsa Hannatu. Zai zauna a gaisa, ya sha ruwa, ya ce jikin wane ya yi tsanani, ya yi ta kewaye har mutum ya fara salati da kansa. Matasa sun mai da shi abin tsokana. Ko wurin suna ya shiga sai ka ji wani ya ce, "Malam, lafiya dai ko?" Yakan yi dariya, amma abin yana yi masa ciwo.

A wata Asabar ta bazara aka shirya liyafa a wani zauren taro a Largo. An naɗa wa rundunar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar da maƙwabtansu sabon kwamanda ana tsakiyar yaƙi, ya zo Washington neman goyon baya, jakadu kuma za su hallara su nuna suna tare da shi. Ƙungiyar 'yan arewa ce ta ɗauki nauyin taron, abincin mutum ɗari biyu kuwa yana hannun Hajiya Ɗija ta garin Bowie, wadda ba a ja da ita a fagen masa da miyar taushe. Ɗanta ɗaya tilo, Laftanar Abdulhamid, yana cikin wannan runduna. Lokacin da takardunta na zama a Amurka suka fito shekarunsa sun wuce na bin uwa, sai ya zauna a gida ya shiga soja. Sati guda Hajiya tana cika wa mutane kunne cewa za ta gaisa da kwamandan ta faɗa masa sunan ɗanta.

Ƙarfe tara na safiyar ranar wayar Malam Munzali ta yi ƙara. Wani Kyaftin Dung ne, abokin aikin Abdulhamid.

"Baba, kawunsa ne ya ba ni lambarka. An yi musu kwanton ɓauna jiya, Abdulhamid ya rasu. Za a yi jana'iza bayan la'asar, ƙarfe huɗu. In mamansa tana so ta ga fuskarsa, zan riƙe mata waya kafin a rufe shi. Bayan nan ba abin da zan iya."

Ƙarfe huɗu a can, sha ɗaya ke nan a nan jihar Maryland. Awa biyu.

A nan Malam ya yi kuskure, kuskuren mai ladabi. Maimakon ya ta da mota, sai ya ga ya kamata ya fara sanar da shugaban ƙungiya, Dakta Fahad. Dakta ya yi salati, sannan ya ce:

"Malam, don Allah ka saurare ni. Ambasada huɗu za su zo, firogiram ya riga ya fita. In ka faɗa mata yanzu, matan nan duk za su watsar da girki. Ka bari zuwa ƙarfe biyu. Wanda ya rasu ya riga ya rasu, Allah ya jiƙansa. Taimakon nan da ake nema, ai don irin su Abdulhamid ake nemansa."

Abin takaicin shi ne akwai gaskiya a maganar. Malam ya shiga mota, Hannatu na gefensa, ya riƙe sitiyari ya kasa murza makulli. Bai taɓa musa wa babba a rayuwarsa ba, kuma tsoro ya kama shi, tsoron a ce shi ya kunyata jama'a a gaban baƙi. Minti arba'in suka tafi a haka.

Hannatu ce ta gaji. "Malam, in ta tambaye ka gobe ƙarfe nawa ka ji, me za ka ce mata?"

Ya ta da mota. Aka yi rashin sa'a ana gyaran hanya kafin a shiga Bowie, motoci sun yi layi. Sha ɗaya saura kwata suka isa.

Kicin ɗin Hajiya cike yake da mata da hayaniya da ƙamshin man gyaɗa. Tana gaban tanda tana juya masa, gumi na zuba, ta ɗago ta gan shi ta yi dariya.

"Malam Munzali, ɗanɗano ka zo? Sai ka jira a..."

Idonta ya kai kan Hannatu, maganar ta tsaya. A daidai lokacin wayar ta fara rawa a aljihunsa, Kyaftin Dung ne. Babu lokacin zama, babu lokacin ruwa. Mutumin da ya shafe shekara ashirin yana lallaɓa mutane ya tsaya a bakin ƙofa, ya faɗa kai tsaye.

"Hajiya, Allah ya yi wa Abdulhamid rasuwa. Yanzu za a yi masa sallah. Ga shi a waya, in kina so ki gan shi."

Wata ta fasa ihu, faranti ya faɗi. Hajiya ba ta yi kuka ba. Ta kashe gas, ta wanke hannunta, ta ja mayafi ta rufe kanta, sannan ta miƙa hannu ya ba ta wayar. Hannatu ta matso ta tsaya a gefenta.

Hoton yana yankewa yana dawowa. Aka buɗe likkafani daga wajen kai.

"Matso da ita kaɗan, ɗana," ta ce wa kyaftin ɗin. "Ban ga goshinsa ba."

Ta duba, ta yi masa addu'a, ta ce ta yafe masa duniya da lahira. Ko minti uku ba a yi ba aka ji liman yana cewa a daidaita sahu, Dung ya ba ta haƙuri, kiran ya katse.

Sai a lokacin ta zame ta zauna a ƙasan kicin. Wata daga cikin matan ta yi raɗa tana tambayar yadda za a yi da abincin.

"Ku ƙarasa ku kai musu," in ji Hajiya. Ta ɗago ta dubi Malam Munzali, wanda har yanzu yake tsaye hawaye na bin gemunsa.

"Shekara tara ban gan shi ba sai ta waya, Malam. Yau ma ta waya."