Mai Tabarau da Akuyar Rijiya

Ke Luba, kin taɓa ganin mutumin da zai kai ki tsakiyar labari ya rufe littafi? Ni na gan shi a Ƙofar Mazugal, ina 'yar tallar gyaɗa, tun Turawa ba su tafi ba.

Har yau ina ganinsa a idona. Dogo ne siriri kamar sillen kara, tabaransa ƙafa ɗaya, ɗaya gefen da zare ya ɗaure a kunne. Yana zaune a gindin durumi, yara sun kewaye shi. Ina jin malamin boko ne, ko kuwa a gida aka gaji da surutunsa.

Yana karanta labarin wata akuya da ta faɗa rijiya, sai kawai ya rufe littafin.

"Wa akuyarsu ta taɓa faɗawa rijiya? In ba ku ba ni naku ba, ba zan ƙarasa nawa ba."

Yara suka kalli juna. Ga la'asar ta kusa, ga akuya cikin ruwa, malam har ya fara laluben takalminsa! Ni da ban san ko bihim ba na ce, "Malam, tamu ta faɗa. Babanmu ya shiga da igiya a ƙugu, ya fito da ita tana atishawa."

Ya buɗe ya ƙarasa mana. Ashe haka aka yi a littafin, atishawar ce kawai babu.

Ya leƙo ni ta saman tabarau ya ce, "Yarinya, naki ya fi. Mai littafin nan bai taɓa riƙe jiƙaƙƙiyar akuya ba."