Ƙyallen da muka zana korona a kai

Shekarar korona an rufe lakwal ɗin da nake koyarwa a Diffa, zaman gida ya ishe ni. Wata rana yayana, direba ne, ya miƙo mini wayarsa. Wata mata ce ta ƙasar Bengal tana warware dogon ƙyalle mai zane, tana rera labarin cutar, tana nuna kowane hoto da yatsa. Ban ji yarenta ba, amma na gane komai. Sau shida na kalla.

Washegari na samo farin yadi kamu biyar, na shiga mota zuwa Shetimari wajen gwaggona. Tattasai take nomawa, kuma ba a biki a unguwarsu ba ta yi waƙa ba.

"Gwaggo, ni zan zana, ke ki rera."

"Da me za ki zana, ƴata?"

Ita ta nemo kayan ma: gawayi, jar ƙasa, shunin wanki, muka dama da ƙaro. Na fara zana cutar a siffar dodo mai haƙora. Gwaggo ta girgiza kai, ta ce ba wanda ya taɓa ganin dodo, in zana ta kamar tsutsar da ke shiga tattasai, waje lafiya ciki ya lalace. Kwana huɗu muna yi. Ga kasuwa, ga mai tari, ga wata mai buta da sabulu, ga kogin Komadugu da mutane tsaye nesa da juna. Hannuna ya yi shuɗi har gwiwa, ko a jikina.

A wurin shanyar tattasai muka fara buɗe ƙyallen. Ina warwarewa, Gwaggo tana rerawa da Barbarci, tana maimaitawa da Hausa. Da aka zo kan tsutsar sai mata suka ajiye aiki. Kafin a ƙare sun kama amshi. Wata tsohuwa ta ce mai butar nan ita ce sak, aka yi ta gardama ana dariya. Sau uku aka sa muka sake.

Daga baya wata ungozoma ta ara, ta tafi da shi Ngelbeli. Da ya dawo na tarar an ɗinka masa ƙari a ƙasa: makiyayi da takunkumi a bakin rijiya, shanunsa sun fi duk abin da na zana kyau. Har yau ban san wanda ya zana su ba.