Muryar Inna Cikin Tsohuwar Waya

Jama'a, yau na ji muryar Inna! Wallahi har yanzu murna nake.

Ina tankaɗen gari a gidanmu na Gummi, sai ga ɗiyata Hadiza da gudu, riƙe da tsohuwar wayata. Ashe kafin Inna ta rasu bara, ja'irar ta taɓa ɗaukar muryarta.

Tana dannawa sai ga Inna raɗau:

"Ke Hadiza, wanga abu da kike kara mani ga baki, mi shika yi?"

"Kaka, maganarki shika ɗauka."

"To shi ɗauka da kyau! Shi hwaɗa ma mamanki miyar jiya gishiri ya yi yawa. Ni dai na ci don kar ta ji kunya."

Sai dariyar nan tata mai ƙarewa da tari.

Na zube ƙasa ina dariya, hawaye na ɗiga cikin garin. Baiwar Allah, ba ta taɓa kushe girkina a gabana ba, kullum sai dai sa albarka! Muka yi ta sake kunnawa har caji ya ƙare.

Allah shi jiƙan Inna. Ku fa, wace maganar tsohuwarku kuke marmarin sake ji?