Ruwan Zoɓo da Kanwa

A makarantarmu ta kusa da Maiyama, ɗakin gwaje-gwaje suna kawai ya tara. Kwalabe ne babu komai a ciki, sai gidan zanzaro. Malaminmu na Kemistiri, wani siririn mutumin Liba, shi kaɗai bai haƙura ba. Ya shiga wani guruf na malaman kimiyya a waya, inda suke koya wa juna dabarun koyarwa. Da an tashi tara sai ya nufi bayan masallaci, nan ne kawai sabis ke kamawa, ya ɗaga waya sama. Sauran malamai suna yi masa tsiya: "Malam, yau mi aljanunka sunka ce?"

Daga guruf ɗin ya koyo gwaji da ruwan zoɓo. A ɗiga lemun tsami ya ƙara ja, a ɗiga ruwan kanwa ya koma kore. Ranar da na fara gani, sai da na matsa kusa na ƙara dubawa. Ni ba mai magana ba ce a aji, amma hannuna ba ya rawa, kuma ba na zuba ɗigo na biyu sai na ga abin da na farko ya yi. Malam ya lura da haka.

"Ɗiyata, taho ki yi wanga aiki in ɗauka, 'yan guruf su gani."

"Malam, kunya nika ji."

"Hannunki ɗai za a gani. Hannu na da kunya?"

Aji ya kwashe da dariya. Na yi gwajin, ya ɗauki bidiyo ya tura. Bayan haka kullum da sabon abu: ruwan toka, tsatsar ƙusa, tsamiya. Ya ce in dai na dage, babu abin da zai hana ni shiga jami'ar Aliero. Na ɗauki maganar na kai wa Baba, wanda da ma nufinsa in tsaya a sakandare. Baba ya ce idan na ci jarrabawar fita, ya yarda. Idan na faɗi, ba zai sake biya ba.

Ashe a guruf ɗin akwai mai wata makarantar kuɗi a Abuja. Ya ga bidiyon, ya nemi Malam. Ana saura kaɗan mu fara jarrabawar fita, muka zo aji aka ce jiya Malam ya hau motar Abuja a tashar Jega. Ko sallama bai yi mana ba. Aka turo mana malamin motsa jiki, yana karanta mana littafi yana hamma. Ranar jarrabawar gwaji aka jera mana kayan aro waɗanda ban taɓa riƙewa ba, waɗanda Malam ya ce zai nuna mana a makon ƙarshe. Na faɗi Kemistiri.

Da sakamako ya fito, Malam ya kira wayar yayana. Muryarsa ta yi fes.

"Kar ki damu, ɗiyata. Akwai wani guruf na masu sake jarrabawa, bari in saka ki."

Na ce to, na gode, Malam. Ban gaya masa ba ni da waya ba, ban kuma gaya masa Baba ya riga ya rufe maganar ba.