Kwaɗon Anou Araren

Mun tashi daga Agadez bayan sallar asuba, ni da wani abokin karatuna. An yi mini tayin aikin injiniya a tashar lantarki ta Anou Araren, kuma sai na ba da amsa idan na koma Damagaram. Abin da ya hana ni sakat shi ne halina na sake duba abin da na riga na duba, har a jami'a ake kirana Malam Sake-Duba. Ina tsoron wannan nawa ta sa a sallame ni.

Hanyar ta lalace, ko in ce wani sashenta, don kada in yi mata ƙazafi. Kamyo, babbar motar kaya, ya wuce mu, mu ma mu wuce shi a rami na gaba. Da hantsi muka hango hayaƙin tashar, inda ake ƙona gawayin ƙasa, tururi ya juya injin, kuran, wato wutar lantarki, ya kama hanyar arewa.

Wata injiniya 'yar Tahoua ce ta zagaya da mu. Abin da ya fi ƙayatar da ni bai kai tafin hannu ba. Kafin a taɓa layi don gyara, sai a yanke kuran, kowane ma'aikaci ya rataya kwaɗonsa a kan makunnin, ya sa mabuɗin a aljihu. Ko shugaban tashar ba ya mayar da wuta sai mai kwaɗon ƙarshe ya zo da kansa ya buɗe. Na ga ta gwada layin da aka yanke, ta gwada na'urar gwajin, ta kuma komawa kan layin. Abokina ya taɓa ni, ya ce ga yayata na samu, ya kuma kwashe laƙabina ya faɗa mata. Ba ta yi dariya ba.

"Ƙanena, a nan mai sauri muke tsoro," in ji ta.

Daga nan muka bi turakun layin har Arlit, garin da ma'adinin yuraniyom ya haifa. Motocin ma'aikata da 'yan kabu-kabu sun cika titi, tumatir kuwa ya yi tsadar da sai ka gaishe shi ka wuce. Mun ci dambu da kilishi wajen wata 'yar Maradi mai sayar da ƙanƙara. Ta ce ranar da aka ɗauke kuran jarinta narkewa yake yi, don haka masu aikin tashar kullum suna cikin addu'arta a coci.

Na dawo Damagaram lafiya, na kuma karɓi aikin. Tafiyar ta koya mini cewa akwai sana'ar da halina yake da daraja a cikinta. Mahaifiyata ta tambayi tsarabarta, sai ta ga kwaɗon da na saya a kasuwar Arlit. Na ce kilishin da na kawo nata ne, wannan kuwa nawa ne. Tun a gaban mai kanti na gwada shi, a gabanta ma na sake gwadawa.