Wuƙar Ɗan Mai Gidanmu

A shekarata ta biyu a jami'a na kama ɗaki a unguwar Ƙuba da ke Madina, gidan wani dattijo baduku da kowa ke kira Baba. Yana yaro iyayensa suka taso da shi daga ƙasar Kano a ƙafa, suka tsallaka teku a kwale-kwale, shi ya sa har ya tsufa ba ya son zancen ruwa. Sai ga shi autansa ya shiga sojan ruwa.

Da autan ya gama horo ya zo hutu, ya shigo da farin kaki, wuƙa na rataye a kwankwasonsa. Bayan la'asar muna shan shayi a tsakar gida Baba ya ce a miƙo masa ita.

Miƙaƙƙiya ce, ba ta da lanƙwasa irin wadda 'yan Yaman ke sokewa a ciki. Tsawonta bai kai kamu ɗaya ba. Ƙotar fara ce, an naɗe ta da zaren tagulla, a jikin kuben kuma an zana ƙugiyar da ake tsayar da jirgi da ita. Baba ya zare ta, ya shafa bakin da babban yatsa.

"Ai ba ta da kaifi," in ji shi.

Autan ya amsa da Larabci, kamar yadda ya saba. Ya ce malamansu sun gaya musu cewa a zamanin jiragen da iska ke turawa, samarin hafsoshi ne ke hawa igiya suna ratsa lunguna, takobi kuwa sarƙewa yake yi. Sai aka ba su gajeriyar wuƙa. Da bindiga ta yawaita aikin wuƙar ya ƙare, ta zama alamar muƙami kawai.

Abin da ya dami Baba shi ne kuben na ƙarfe ne. Ya ce a zafin Madina zai ƙona wa yaro cinya. Washegari ya ciro jar fatar akuya da ya daɗe yana ɓoyo. Idonsa ya yi rauni a lokacin, ni nake zura masa zare in na dawo daga karatu. Ya ɗinka kube mai tuntaye, ya ƙawata bakinsa da koriyar fata.

Ranar da ya miƙa masa, autan ya daɗe yana juya shi a hannu.

"Baba, ba za su bari ba," ya ce, wannan karon da Hausa, a hankali. "Dole ta kowa ta zama iri ɗaya."

Baba ya tattara kayan aikinsa ya shiga ɗaki, ranar bai fito shayi ba.

A cikin makon aka yi ɗaurin auren wani ɗan'uwansu a unguwar Al-Azizya. Autan ya ajiye kaki, ya sa farar jallabiya, ya rataya wuƙar cikin jan kuben. Tsofaffi suka riƙa tare shi suna tambayar aikin wane ne, shi kuma yana nuna mahaifinsa. Baba yana zaune can gefe kamar bai ji ba, amma na ga ya gyara zama.

Da hutun ya ƙare autan ya mayar da wuƙar kuben ƙarfe, ya sa jan a akwatinsa. Ni na raka shi tashar mota, don Baba ya ce gwiwarsa na ciwo.